Inna da Hedifon Mai Baki Biyu

Ni ne auta a ɗakinmu, kuma ban taɓa ɓoye cewa na ci moriyar hakan ba. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ba ta jin kunyata ko kaɗan. Na tashi ina kwanciya a tabarmarta, ina tsoma hannu a kwanonta, ina yi mata gardama a kan gishirin miya. Yayana kuwa, ɗanta na fari, bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ana yaye shi aka kai shi Rabah wurin kakarmu ta wajen uba, can ya girma, can ya yi makaranta. Idan ya zo Wurno hutu, a bakin ƙofar ɗakinta yake durƙusawa ya gaishe ta, ita kuma ta amsa a taƙaice tana kallon tukunya ko bango. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Idan dole ta kama a yi maganarsa, sai ta ce "mutumin Rabah".

Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a wurinmu, ba wanda ke ganin abin mamaki a ciki. Sai dai ta Inna ta yi tsanani. Sa'o'inta da yawa sun sassauta, har suna karɓar wayar 'ya'yansu na fari su yi hira. Ita kam a'a. Bayan rasuwar Baba, da Yaya ya koma Ikko yana sayar da albasar da ake lodawa daga nan yankinmu, wayata yake kira. Idan na miƙa mata, sai ta kawar da kai ta ce, "Ka ce mai muna lahiya." Idan na buɗe muryar wayar don ta ji da kunnenta, shi kuma sai ya sandare, ya jero gaisuwa kamar mai karanta takarda a gaban hukuma, ya yi shiru. Abin yana ba ni haushi tun ina yaro, kuma ban fasa faɗa ba. Mutum biyu ne da na fi so a duniya, kuma ba su taɓa yin hirar da ta wuce "ina wuni" ba.

Wata shekara da rani, motar albasa da ta dawo daga Ikko ta zo mini da saƙo a cikin kwali. Na'urar gem ce ta hannu, an goge ta tas, da hannunta guda ɗaya, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, an ɗaure gefensa da salatif. Yaya ya sayi biyu a wurin wani mai gyara, ya riƙe ɗaya a ɗakinsa ya aiko mini ɗaya. Ya ce ranar Lahadi kasuwarsu ba ta ci sosai, idan na haɗa tawa da intanet ɗin wayata za mu iya buga ƙwallo, shi a can ni a nan, muna kuma magana da juna. Ina koyarwa a firamare a lokacin, ban yi aure ba, ɗakina na nan kusa da zaure. Ina da 'yar talabijin da batirin sola. Sabis kuwa sai an rataye waya a ƙusar taga, ta gefen da ke kallon fadama, sannan yake zama.

Buga ƙwallon bai ba mu wahala ba. Maganar ce ta zama aiki. Ana buƙatar hedifon mai makirfo, kuma wanda aka yi musamman don gem ɗin ya fi ƙarfin aljihun malamin firamare, ban ma tsaya taya shi ba. Wata malama Kirista 'yar Zuru da muke koyarwa tare, da aka yi mata canjin wurin aiki tana tattara kayanta, ita ta ba ni wani tsohon hedifon na kwamfutar tebur. Sosonsa ya fara marmashewa, amma yana aiki. Matsalarsa ɗaya, wayarsa ta rabu baki biyu a ƙarshe, kore na ji, mai ruwan hoda na magana, shi kuwa hannun gem rami ɗaya gare shi. Idan na sa koren, muryar Yaya ta fito tangaran. Idan na sa ɗayan, ba na ji, shi ma ba ya ji. Mai gyaran waya na bakin kasuwarmu ya ce akwai wata 'yar guntuwar waya da ke haɗe bakunan biyu su zama ɗaya, amma ba shi da ita. Na samo wata a Goronyo, na dawo ina murna, ashe jabu ce, ba abin da ta iya sai ƙugi a kunne. Na jefar da ita na haƙura.

Haka muka ci gaba, shi yana magana ni ina ji. Na ɗauka abin zai gundure shi, ashe ban san yayana ba. Mutumin da ke sandarewa a waya, idan ya riƙe hannun gem ya san ba mai katse shi, bakinsa ba ya rufuwa. Ya yi mini tsiya idan ya ci ni, ya zagi 'yan wasansa idan sun ɓarar, ya ba ni labarin kasuwa, ya rera waƙa da muryarsa mara daɗi. Ni kuma in rama da ƙwallo idan na samu, ko in tura masa saƙo bayan an tashi.

Wata Lahadi bayan la'asar Inna ta shigo mini da fura. Na sauke hedifon ɗin a wuya don in sha, daidai lokacin da Yaya ya jefa mini ƙwallo ya fashe da dariya. Dariyar ta fito ta cikin tsohon soson nan, ƙarama amma a fili. Inna ta tsaya da ludayi a hannu.

Ta ce, "Wa ka dariya cikin abin ga?"

Na ce, "Yaya na, Inna, daga Ikko."

Nan take ta ajiye ludayin ta nufi ƙofa. Na ce ta tsaya, ba ya jin mu.

"Ƙaƙa ba shi jin mu, ga shi ni ina jin shi?"

Na ɗaga mata bakin nan mai ruwan hoda da ke lilo a sake. Na ce wannan shi ne na magana, kuma ba a sa shi a ko'ina ba, kunne kawai muke da shi. Ba ta yarda ba. Sai na kai makirfon bakina na ɗaga murya na ce, "Yaya, ƙaton kai, ba ka iya komi ba!" Yaya ya ci gaba da waƙarsa hankali kwance. Inna ta ɗaka mini duka a baya saboda na zagi na gaba da ni, amma ba ta fita ba. Ta tsaya jikin ƙofa har aka tashi wasan, kanta a ɗan karkace, sannan ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Lahadin da ta biyo baya sai ga ta da faifan tafarnuwa. Wai ɗakina ya fi iska. Ɗakin da ko kaza ba ta yarda ta kwanta a cikinsa da rana! Na shimfiɗa mata tabarma. Da muka fara, na cire hedifon ɗin na ɗora mata a kan ɗankwali. Ta ɗaga hannu kamar za ta ture, ta sake tambaya, "Ka tabbata ba shi ji?" Na rantse mata. Wayar hedifon ɗin gajera ce, dole ta matso har kafaɗarta na taɓa gwiwata. Ta zauna a haka tana ɓare tafarnuwa, ɗanta na fari yana zuba a kunnenta.

Daga ranar abin ya zame mana al'ada. Ni na koma buga ƙwallo ba sauti, don idan an sa hedifon talabijin ɗin shiru take yi, kuma na sha kashi ba kaɗan ba. Inna ba ta san dokar ƙwallo ba, amma ta tambaye ni waɗanne ne nasa, na ce masu jar riga. Shi ke nan ta zama 'yar jar riga ba kunya ba tsoron Allah. Idan ya ci ni, sai ta buga cinya ta ce, "Madalla!" Idan na ci shi, sai ta ce na cika mugunta. Ni da aka saba goya wa baya a kan komai a gidan nan, na ji kishi na gaske, na kuma gaya mata. Ta ce in rufe mata baki tana saurare.

A fuskarta nake karanta abin da yake faɗa. Wani lokaci ta taɓe baki, wani lokaci ta ce "Subhanallahi" a hankali, sau da yawa kuma ta yi dariya har tafarnuwar ta zube daga faifai. Idan an tashi sai ta ba ni labari, tana kakkaɓe zane kamar ba abin da ya dame ta. "Mutumin Rabah ya ce ruwa ya shiga rumhwassu." "Ya ce matam mai gidan da shika haya ta haihu." Ran nan kuwa da fushinta ta cire hedifon ɗin.

"Ka hwaɗa ma mutumin Rabah shi bar ashar. Ba tarbiyyag gidanmu ta ba."

Na ce, "Ni ban ji ba, Inna, ke kinka ji."

"To ka hwaɗa mai dai. Ka ce kai kaj ji."

Na tura masa saƙon kuwa, ina dariya ni kaɗai, auta yana yi wa babban wa faɗa a kan zagi. Ta ja mini kunne tun farko kada in kuskura in gaya masa tana saurare, ta ce ranar da ya sani, ranar ta daina shigowa. Na riƙe mata wannan. Amma ba sauƙi, don Yaya kan kira ni tsakiyar mako ya ce, "To, mi kag gani game da abin da nah hwaɗa maka ran Lahadi?" Ni kuwa ban san komai ba, sai in kama kame-kame in ce sabis ne ya yanke.

Da ya yi ciwon haƙori ya yi ta mita a kai, washegari ta ƙulla kanumfari a leda ta ce in kai wa direban motar albasa. Da ya ce ya yi kewar hoce, gasasshiyar wainar dawa ta wurinmu, ta kwana biyu tana shiri, ta gasa mai yawa ta naɗe a takarda. Kowane saƙo da sharaɗinsa ɗaya, in ce ni na aika. Na ce mata wa zai yarda ni na gasa hoce? Ta ce in ce saye na yi.

Akwai wata Lahadi da ba na mantawa, cikin damina. Muna tsakiyar wasa sai na ga 'yan jar riga sun tsaya cak a fili, ba mai motsi. Na ɗauka sabis ne ya ɗauke, na kalli wayar a taga, lafiyarta lau. Da na juyo sai na ga hannun Inna ya tsaya a kan faifai. Yaya ya ajiye wasan ne yana magana kawai. Raga a buɗe take, da na so da na zuba masa goma, amma na saki hannun gem ɗin a cinyata. Mun daɗe a haka, ruwa na sauka a kan kwano, ni ba na jin komai sai ɗan motsin muryarsa daga cikin soso. Hawaye ya gangaro mata, ta share da bakin zane, wani ya sake zubowa. Da ya gama ta cire hedifon ɗin a hankali ta ce tafarnuwar bana yaji gare ta. Ranar ba ta ba ni labari ba, ni ma ban tambaya ba, kuma har yau ban san abin da ya faɗa ba.

Na yi farin ciki a watannin nan, ba zan ɓoye ba. Na kuma yi baƙin ciki, don ina gani da idona yadda take son yaron nan, shi kuwa a tunanina bai san komai ba. Sau da yawa maganar ta zo mini har baki a waya in haɗiye ta.

Bayan an yanke shinkafa, direban motar albasa ya tsaya a ƙofar makarantarmu ya miƙo mini wata 'yar leda. A ciki akwai guntuwar waya baƙa, tsawonta bai kai tafin hannu ba, ramuka biyu a gefe ɗaya, kore da ruwan hoda, baki guda a ɗaya gefen. Ta gaske ce wannan karon. Na gwada ta da yamma, alamar makirfo ta motsa a talabijin da na yi tari. Yaya ya kira ya tambaya ko ta iso, na ce ta iso. Ya ce, "To, ran Lahadi ina son in ji murya daga Wurno. Na gaji da magana ni ɗai."

Na yi tunanin in ce masa ba ta yi aiki ba. Na yi tunanin kuma in haɗa ta in yi shiru, Inna ta zo ta zauna, ta yi bisimillarta yadda ta saba, ya ji ta, kowa ya huta. Ban yi ko ɗaya ba. Ba na yi wa Yaya ƙarya a kan abin da ya sa kuɗinsa ya saya, ita kuma na rantse mata. Ranar Lahadi da ta ɗago labule da faifanta, na nuna mata 'yar wayar na ce, "Inna, Yaya ya aiko da wagga. Yanzu in an sa ta, shina jin mu."

Ta kalli abin da ke tafin hannuna. Ta ce, "To." Ta saki labulen ta juya.

Na bi ta tsakar gida. Na ce ba wani abu ba ne, zan riƙa zare bakin maganar idan ta zo, komai ya koma yadda yake da. Ta zauna a kan turmi ta ajiye faifan a ƙasa.

Ta ce, "A'a. Da can abin na ba shi da baki, ba ni nih hana shi ji ba. Yanzu in ka zare don ni, laɓe na nika yi mai. Ba ni yi ma mutum laɓe."

Na ce to kada a zare, ta zauna kawai, ba sai ta ce komai ba. Ta ce yana jin numfashinta ta zauna? Nan raina ya ɓaci. Na ɗaga mata murya, abin da auta kaɗai ke yi ya kwana lafiya. Na ce wace irin kunya ce wannan da ba ta ƙarewa, mutum ya kusa shekara arba'in, har furfura ta fara fito masa? Na ce, "Inna, ɗanki na hwa!"

Ta ɗago ta dube ni, idonta ya kaɗa. "Ka taɓa jin nic ce ba ɗana na ba?"

Ta ce haka uwarta ta yi da yayarta, haka ta ga an yi, ba ta san wata hanyar ba, kuma ba yanzu da tsufanta za ta koyi sabuwa ba. Ta ce in tafi kada in bar shi yana jira.

Na koma ɗaki na haɗa wayar, na sa hedifon ɗin a kaina. Na yi sallama. Yaya ya amsa.

Ya ce, "Auta, kai ɗai na?"

Na ce, "Ni ɗai na."

"To. Mu buga."

Muka buga. Ga baki ya samu, amma ranar hirar ba ta yi armashi ba. Na yi ta ƙoƙarin tsokanarsa, yana amsawa da kalma ɗaya biyu. Ba waƙa, ba labarin kasuwa. Na ɗauka gajiya ce. Lahadin gaba ma haka, ya sake tambaya ko ni kaɗai ne, na ce ni kaɗai ne. Daga nan wasan ya fara ja da baya. Yau ya ce kaya sun iso yana sauke lodi, wani makon ni in ce batiri bai cika ba. Inna kuwa ta samo wa kanta aikin Lahadi, da an yi la'asar sai ta yafa mayafi ta tafi gaishe da wata ƙawarta a bayan masallaci, ba ta dawowa sai an kusa kiran magariba. Na gwada ta sau biyu ko uku, na ce Yaya na kan layi, ko ta leƙo? Ta ce in gaishe da mutumin Rabah. Haushinsu duka biyu ya ishe ni, na ɗauki tsumma na rufe na'urar.

Da zafi ya shigo, Inna ta faɗi wata safiya tana alwala. Hawan jini ne, wanda ta daɗe tana wasa da maganinsa. Muka kai ta asibiti a nan Wurno. Gefenta ɗaya ya saki, amma tana gane mutane, maganarta na fita da ƙyar. Na kira Yaya daga bakin gadonta, na ce masa ya yi mata magana, magana ta gaske, ba gaisuwa ba. Na kara mata wayar a kunne. Ina jin sa ta ciki. Ya ce, "Inna, ina wuni. Ya jiki?" Ya tsaya. Ina jin numfashinsa, ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, ina roƙon Allah a zuciyata ya ƙara ko kalma ɗaya. Ya ce, "Allah shi ba da lahiya." Ita kuma ta lumshe ido, ta juyo da kanta wajena.

Ta ce, "Ka ce mai da sauƙi."

Ranar ya kamo hanya. Daga Ikko zuwa nan ba tafiyar yini ɗaya ba ce, kuma ya iso Sakkwato rana ta riga ta faɗi, lokacin da ba direban da ke yarda ya shigo hanyarmu saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Dole ya kwana a tasha. Inna ta cika da asuba. Na roƙi kawunnanmu a jira shi, suka ce ba a ajiye gawa cikin wannan zafin, kuma gaskiyarsu ce, na sani, amma na ji kamar in yi ihu. Da hantsi aka kai ta. Yana sauka daga babur a ƙofar gida ya tarar da mutane zaune a kan tabarmi sun dawo daga maƙabarta, ƙurar ƙafarsu ba ta ma bushe ba. Ya ajiye jakarsa ya zauna cikinsu, aka shiga yi masa gaisuwa.

Bai yi kuka a gaban kowa ba. Ni ne na yi ta yi, har tsofaffi suna cewa a bar shi, auta ne. Shi ya riƙa karɓar baƙi, ya raka na Rabah tasha, ya tsaya a kan abincin sadaka. Mutane suna yaba haƙurinsa. Ni kuwa ina kallonsa ina jin nauyin abin da na sani, don wadda na yi wa alkawarin yin shiru ta tafi, shi kuma ga shi zai koma Ikko yana ganin uwarsa ba ta taɓa damuwa da shi ba.

Bayan sadakar uku, da rana, mutane sun ragu, muka shiga ɗakina mu ɗan huta. Ya zauna a bakin katifa. Na rufe ƙofa na ce ina da magana. Na gaya masa komai, tun daga ranar fura har ranar da ta saki labule ta juya. Na ce duk watannin nan ba ni ke jin sa ba, ita ce. Na yi tsammanin zai firgita, ko ya ji kunyar irin abubuwan da ya riƙa faɗa. Ya dai saurara kansa a ƙasa har na gama.

Ya ce, "Na sani."

Na ce ƙaƙa ya sani?

"Wata Lahadi na zage ka tas, zagin da ba ka bari. Ba ka rama ba ko a waya. Sai ga saƙo wai in bar ashar, ba tarbiyyag gidanmu ta ba. Kai ka magana hakan ga? Nan nis san wa ka ji."

Na ce, to me ya sa ya aiko da wayar nan, alhali ya san halinta? Na faɗa da zafi, don a zuciyata na daɗe ina ɗora wa wannan guntuwar waya laifin komai.

Ya murza tafin hannunsa a gwiwa. Ya ce, "Ban ce ta yi man magana ba, auta. Na san ba ta yi. Cewa niy yi ko tari ta yi kusa da abin, in ji. Ita tana ji na, ni ban taɓa jin ta ba in ba amsa gaisuwa ba."

A tsakar gida mata na wanke manyan tukwanen da aka aro. Can ya ɗago ya tambaye ni ko tana dariya idan yana zubarsa. Na ce sosai ma, har abin hannunta na zubewa.

Ya ce, "Ƙaƙa dariyatta take?"

Na buɗe baki in kwatanta masa. Na ji dariyar nan duk tsawon rayuwata, a ɗaki, a madafa, a kan abin kirki da na banza, ban taɓa tsayawa na lura da ita ba, don ban taɓa rasa ta ba. Na nemi yadda zan faɗa na rasa. Ina cikin nema ne na gane a ina kuma na san ta, mai farawa a hanci kafin ta fashe, mai ƙarewa da ɗan tari.

Na ce, "Irin taka ta, Yaya."

Ya dube ni kamar bai ji ba. Sannan ya sa hannu ya rufe bakinsa, kukan da ya riƙe ya ƙwace masa, ni kuma na tashi na tsaya jikin ƙofa kada wani ya shigo.